Inna ta ce sai dai a fitar da gawarta: in sa hannu a ɓoye?

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni magidanci ne a nan Maraɗi, kuma ni ne babba a ɗakinmu. Mahaifinmu malamin makaranta ne, an ba shi gida a cikin gidajen gwamnati tun 1986, a nan aka haifi duk ƙannena. Shekara tara ke nan da rasuwarsa, Inna ta ci gaba da zama da autarmu da jikoki biyu. Yanzu hukumar da ke da gidajen ta ce sun tsufa, za a rushe a gina sababbi. An ce za a ba kowane gida fili a bayan gari da ɗan kuɗin tashi, wai kuma in an gama gini za a fara duba tsofaffin mazauna. Gaskiya gidan ya gaji, bangon ɗakinta ya tsage, in damina ta zo sai mun jera kwanoni. Amma Inna ta ce ba inda za ta. Maganarta ɗaya ce: "Nan anka binne cibiyar ɗiyana, nan malam ya cika, sai dai a hidda gawata." Ta rage cin abinci, in na shigo da takarda sai ta juya mini baya. Ƙanena ya ce mu kai ta Tasawa wurin ƙanwarta da sunan ziyara, in sa hannu a madadinta, mu kwashe kaya, in ta dawo ta tarar an gama. Ina tsoron mu rasa filin in muka yi jinkiri, ina kuma tsoron fushinta. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan malam, ya ƙara wa Hajiya lafiya, kai kuma ya yi maka albarka da ka tsaya tambaya kafin ka ɗauki alƙalami.

Kada ka kai ta Tasawa da ƙarya. Dabarar ƙanenka tana iya ci, kuma cin nata shi ne abin tsoro. Za ta dawo ta tarar da kango, ba ta yi sallama da kowa ba, ba ta nemi gafarar maƙwabtan da suka yi kusan shekara arba'in tare ba, ba ita ta naɗe tabarmar sallarta ba, ba ta san hannun da ya taɓa akwatin malam ba. Daga ranar, ko magani kuka miƙa mata sai ta dube ku sau biyu, ko asibiti kuka ce a tafi sai ta ce ina kuma za ku kai ni. Kuma tsoho in aka ɗauke shi ba shiri aka ajiye inda bai sani ba, ba fushi kaɗai ke kama shi ba. Akwai rikicewa, akwai rashin barci, akwai faɗuwa da dare wajen neman bayan gida a inda ƙafa ba ta saba ba. Na san ƙanenka ba mugunta ta sa shi faɗar haka ba, gajiya ce da tsoron asara. Amma ka ce masa wannan hanya a rufe take, don ku samu ku zauna ku duba sauran.

Za ka ji masu cewa sabo turken wawa, tsufa ne kawai da taurin kai. Ban yarda ba. Ina so ka ɗauki wuni guda, ranar da ba ka da aiki, ka je gidan tun bayan asuba ba tare da takarda ko guda ba, ka zauna a tsakar gida ka yi ta kallon masu ɗaga labulen ƙofa. Za ka ga yarinyar da aka aiko aron rariya. Za ka ga wadda ta kawo kuɗin asusu a ƙulle a bakin zane, don Hajiya ce mai ajiya. Za ka ga mai jegon da aka turo a duba mata cibiyar jariri, da matashin da ya leƙo daga majalisar samari ya ce Inna ko akwai aike kasuwa, da tsohuwar da ba abin da ya kawo ta, ta dai shigo ta zauna a gindin bedi su yi shiru tare har azahar. In an yi rasuwar mace a layin, ka tambaya wa ake fara aika wa. Ka ƙidaya su. In yamma ta yi, ka tambayi kanka mutum nawa daga cikinsu za su biya kabu-kabu zuwa bayan gari don aron rariya.

Abin da take karewa ke nan. Tana cewa cibiya da ɗakin da malam ya cika, kuma gaskiya take faɗa, waɗannan suna da nauyi a zuciyarta. Amma a ƙarƙashinsu akwai abin da kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa ɗanta na fari ba: a wannan layin ita wata ce. An san mijinta, an ci tuwonta, ana jin maganarta, in ta yi tari da dare bango ɗaya ne tsakaninta da mai jin ta. A sabon fili kuwa tsohuwa ce da ƴaƴanta suka ajiye. Macen da ta yi aure ta bar gidan ubanta tana ƙuruciya, ta share shekaru tana gina mutuncinta ƙofa-ƙofa, yanzu da ƙarfi ya ƙare a ce ta je ta fara daga fari. Ƙin cin abincin da kake gani makoki ne take yi tun kafin a yi rashin.

Kuma ba ita kaɗai ba ce, ba kuma halin ƴan ƙasarmu ne kawai ba. A birnin Boston na Amurka, a ƙarshen shekarun 1950, hukuma ta rushe wata tsohuwar unguwar talakawa mai suna West End da sunan gyaran gari. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Marc Fried, ya bi mutanen da aka tasa yana tambayarsu kafin tashi da bayan tashi. Abin da ya fitar a 1963 shi ne kusan rabin matan sun shiga baƙin ciki mai tsanani irin na wanda aka yi wa mutuwa, wasu har bayan shekara biyu bai sake su ba, kuma a cikinsu har da waɗanda suka samu gidan da ya fi na da kyau. Waɗanda suka fi jin jiki su ne waɗanda suka fi sanin mutanen unguwa. Kyan sabon ɗaki bai biya su abin da aka raba su da shi ba.

Mu ma ba sai mun je Amurka ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da zai bar Makka ya dube ta ya shaida cewa ita ce mafi soyuwar ƙasar Allah, kuma ba don an fitar da shi ba da bai fita ba. Da suka isa Madina zazzaɓi ya kama Sayyidina Abubakar da Bilal, Bilal yana kwance yana ambaton kwaruruka da duwatsun Makka don bege. Annabi bai ce musu su daina ba. Addu'a ya yi Allah ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Don haka kada wani ya zo ya tsaya a kan Hajiya yana mata wa'azin cewa son gida rashin tawakkali ne. In za a kawo mata maganar addini, wannan addu'ar za a kawo mata.

To amma ban goyi bayanta a kan komai ba, kuma da tana gabana zan faɗa mata. Gidan ba zai tsaya ba. In hukuma ta riga ta yanke, ƙin fitar mutum ɗaya ba ya hana katafila zuwa, sai dai ya sa a fitar da shi a ranar da ba shi ya zaɓa ba, gaban jama'a, kaya a waje. Sannan bangon da ya tsage ba ya jiran a gama shawara. Duk wanda ke Maraɗi a ƙarshen watan Agusta na 2024 ya ga abin da ruwan sa'o'i kaɗan ya yi, gidaje suka zube, aka rasa rayuka. Wannan kam ba zan yi sassauci a kai ba: tun kafin damina ta kama, a fitar da gadonta da na jikokin daga ɗakin nan zuwa wanda ya fi ƙwari, ko da falo ne. In ta ƙi don kanta, ka ce mata don yaran.

Saboda haka maganar a tashi ko kada a tashi ta wuce ku. Abin da ya rage a hannunku shi ne yadda za a tashi, da wa za a tashi, da inda za a sauka, kuma a nan akwai abin yi da yawa fiye da yadda kake zato.

Ka tuna garin nan namu ma tasowa ya yi. Maraɗin da sarakunan Katsina suka mayar mazauninsu bayan jihadi, tun zamanin Sarki Ɗan Kasawa, a cikin fadama take, bakin gulbi. A 1945 Gulbin Maraɗi ya cika ya ci garin, Turawan Faransa masu mulki a lokacin suka sa aka hau da shi kan tudu, aka zana tituna miƙaƙƙu. Unguwannin da muke kira tsofaffi yau, su Bagalam, Ƴandaka, Maradawa, Ɗan Gulbi da Limanci, a kan tudun nan aka kafa su. Kakanninmu sun bar gidajen da aka haife su, sun bar rijiyoyinsu, amma Maraɗi ba ta mutu ba, kuma a ganina dalilin shi ne ba warwatsa mutane aka yi ba. Gari ne ya tashi da sarkinsa da limamansa da ƴan kasuwarsa. Wanda ya hau tudu ya tarar da fuskokin da ya sani. Wannan shi ne abin da nake so ka nema wa mahaifiyarka, ko da kaɗan ne daga cikinsa.

Kai kaɗai ba za ka samo shi ba. Ka zagaya gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar kowane gida da irin damuwarku, kowa yana ta fama shi kaɗai a ɗaki. Ku haɗu wurin mai unguwa, ku fitar da wakilai, kuma a sa mata a ciki, ba a matsayin masu kawo ruwa ba. Matan yankin nan ba baƙin tsara kansu ba ne, a jihar Maraɗi aka fara ƙungiyoyin asusu da ake kira Mata Masu Dubara a 1991 kafin tsarin ya bazu zuwa wasu ƙasashe. Wadda ta iya riƙe asusun mata ashirin shekara da shekaru ba a rasa ko dala ba, ta iya zama gaban jami'i ta faɗi abin da take so. Babbar buƙatarku ta farko ita ce a raba filaye layi-layi, maƙwabci kusa da maƙwabcinsa, maimakon a kaɗa ƙuri'a kowa ya faɗa inda ya faɗa. Wannan ba ya cin kuɗin hukuma ko tamma, fili nawa ne dai za ta bayar. Sau da yawa ba a yin sa ne kawai don ba wanda ya nema tun kafin a buga jerin sunaye. In an riga an buga, ku nemi izinin musanya tsakaninku a rubuce. Ku nemi a ware wurin masallaci da na makarantar allo tun yanzu, in limaminku na cikin masu tashi to ku tashi da shi.

Yanzu maganar takardu, kuma a nan ina so ka natsu, don nan ne mutane ke yin asarar da ba ta gyaruwa.

Ka buɗe akwatin malam, da izininta kuma a gabanta, ka nemo takardar da aka ba shi gidan da ita. Gidajen gwamnati ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda aka ba ma'aikaci don aikinsa kawai, akwai na haya zalla, akwai kuma wanda ake cire kuɗi a albashi wata-wata da sharaɗin in an gama biya gida ya zama nasa. In na ƙarshen ne kuma malam ya gama biya, to gidan nan gado ne, ko da ba a taɓa fitar da takardar mallaka ba. Hajiya tana da tumuninta, ku ƴaƴa kuna da sauran, mazanku da matanku, kuma ba ka da hurumin sa hannu kai kaɗai ko da kai ne babba. Sai an yi zaman iyali, an fitar da takardar shaidar magada a kotu, an wakilta wanda zai yi magana da sunan kowa. In kuwa haya ce, matsayinku ya fi rauni, kada in ɓoye maka, amma ba ku zama marasa haƙƙi ba. Ku tattara rasiɗan haya, da takardun biyan wuta da ruwa na tsawon shekaru, da takardar rasuwar malam, da ta fanshonsa. Duk abin da kuka ƙara da kuɗinku, ɗaki ne, shago ne, rijiya ce, dakali ne, itatuwa ne, ku ɗauki hotonsa da waya ku sa a rubuta shi.

Ƙasarmu tana da doka a kan karɓe wuri don amfanin jama'a, mai lamba 61-37 ta 24 ga Nuwamba 1961, wadda aka yi wa gyara da doka mai lamba 2008-37 ta 10 ga Yuli 2008. Tushenta shi ne ba a karɓe dukiyar mutum sai an biya shi diyya ta adalci kafin a karɓa, gyaran 2008 kuma ya shigo da maganar mutanen da aiki zai tasa: a ƙidaya su, a tuntuɓe su, a tsara inda za a tsugunar da su. Yadda za ta hau kan gidanku ya danganta da waccan takardar ta malam, shi ya sa na ce ka fara nemo ta. Ka kai ta wurin lauya ya karanta maka, in kuɗi sun yi wuya ka tambayi ofishin ANAJJ, hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, a babbar kotu. Ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku ɗauki lauya guda, ya fi sauƙi.

Tsoronka na rasa fili yana da tushe, sai dai ka raba abu biyu da ka haɗa. Shiga ƙidaya daban, yarda da tayi daban. In masu ƙidaya sun zo, lallai a rubuta gidanku da sunan kowa da ke kwana a ciki, domin galibi akwai ranar rufewa, wanda ba a rubuta ba kafin ranar sai ya sha wahalar shiga daga baya. Wannan kada a yi wasa da shi, kuma ka bayyana wa Hajiya cewa rubuta sunanta ba ya nufin ta yarda ta fita, yana nufin an shaida tana nan. Takardar yarda kuwa, wadda ke cewa an karɓi kaza an bar gida ranar kaza, ba a sa mata hannu a tsaye a bakin ƙofa. A karɓo, a kwana da ita, wanda ya iya Faransanci sosai ya fassara wa Hajiya layi-layi da Hausa, a yi fotokopi. A duba sunan wa za a sa a takardar sabon filin. In haya ce kuka yi, shawarata a sa sunanta. Macen da aka fitar daga gidan mijinta, ta san cewa inda za ta sauka nata ne ba alfarmar ɗa ko suruka ba, wannan kaɗai yana rage rabin ɗacin.

Alƙawarin "za a fara duba tsofaffin mazauna" kuwa, kada ka kai wa Hajiya shi a matsayin abin dogaro. A Amurka an yi wani babban shiri mai suna HOPE VI daga 1992, aka rushe tsofaffin gidajen gwamnati aka gina sababbi, aka ce wa mazauna za su dawo. Akasarinsu ba su dawo ba. Ginin ya ɗauki shekaru, gidajen masu ƙaramin ƙarfi da aka mayar ba su kai waɗanda aka rushe yawa ba, sharuɗɗan shiga suka yi tsauri, kafin a gama mutane sun kafu a wani wuri. Ban ce haka za a yi muku ba. Amma sabon gida sabon farashi ne, kuma fanshon matar marigayi ba ya tashi don an yi sabon gini. In da gaske ake, a rubuta: gida nawa aka ware wa tsofaffin mazauna, nawa ne kuɗinsa, a wace shekara, wa ke riƙe da jerin sunaye. In an ƙi rubutawa, ku yi lissafinku kamar ba a faɗa ba. Kada ka ce mata shekara biyu ce kawai mu dawo don ka samu ta fita. Wannan ma Tasawa ce ta wata hanya.

Filin kansa, ka je ka gan shi da ƙafarka, kada ka tsaya ga zanen da ke kan takarda. Ka tambayi waɗanda suka riga ku zama can inda ruwa ke bi in an yi sama, don a gefen tudun nan akwai wuraren da zaizaya ke cin ƙasa kowace damina. Ka tambaya ko famfo ya iso ko sai ƴan garuwa, kuma nawa suke sayar da kura. Ina wuta ta tsaya. Ina asibiti mafi kusa, in hawan jini ya tashi da tsakar dare me za a hau. Ina makarantar jikokin. Sannan ka yi wa kanka lissafin gaskiya: fili ba gida ba ne, ɗan kuɗin tashi ba zai yi katanga da ɗaki biyu da bayan gida ba. Wa zai gina, da kuɗin wa, kuma ina za ta zauna kafin a gama? Ku nemi kada a rushe sai an ba ku lokacin da za ku yi rufi, kuma kada ranar tashi ta faɗa cikin damina ko tsakiyar shekarar karatu. Ku nemi izinin cire ƙofofi da tagogi da kwanon da kuka saya da kanku.

Akwai kuma wata hanya da ban ji ka ambata ba, kuma mai yiwuwa ita ce ta fi dacewa da mai shekarunta. Karɓar fili bai wajabta mata zama a cikinsa ba. Kuna iya karɓa ku killace, ku riƙa gini a hankali, ita kuma ku kama mata hayar ɗaki biyu a unguwar da ke jikin gidajen, inda masallacin da take jin kiran sallarsa bai canja ba, mai kayan miyanta bai canja ba, mai aron rariya na iya zuwa da ƙafa. Ku ƴaƴa ku raba kuɗin hayar a tsakaninku, a rubuta abin da kowa zai bayar don kada ya zama abin faɗa bayan wata shida. Amfanin wannan ya danganta da inda mutanenta za su. In akasarinsu bayan gari za su koma, to binsu ya fi. In warwatsewa za su yi cikin gari, zama kusa ya fi. Ba kai za ka san wannan ba, ita ta san su wane ne mutanenta na gaske a cikin duk masu gaishe ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai yadda za a yi maganar da ita. Kai ɗan fari ne, akwai kunya tsakaninku, wataƙila ko sunanka ba ta faɗa. Ba a gabanka za ta buɗe cikinta ba, kuma duk lokacin da ka shigo da takarda, hukuma take gani ba ɗanta ba. Ƙanwar nan tata ta Tasawa, maimakon a kai mata Hajiya, a ɗauko ta ta zo ta yi mako biyu. A haɗa da aminiyarta ta cikin layin, wadda ita ma tashin ya shafa. Su za su ji abin da ba za ta faɗa muku ba. Wataƙila tsoronta kada a kai ta gidanka ta zauna ƙarƙashin matarka. Wataƙila akwai bashin asusu ko ajiyar wani da take jin nauyinsa. Wataƙila tunanin autarku take, wa zai zo neman aurenta a bayan gari inda ba a san gidansu ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da magani, amma sai an ji shi.

In lokacin maganarka ya zo, ka zauna ƙasa, ka faɗa mata gaskiya duka ba tare da ado ba. Inna, gidan nan za a rushe shi, na bincika, ba ni da ikon hanawa. Ba zan sa hannu a kan komai ba sai kin ji abin da ke ciki. Ga abin da ke hannunmu, ke za ki zaɓa. Daga nan ka yi shiru. Tana iya yin kuka, tana iya korar ka, tana iya maimaita maganar gawa. Kada ka yi gardama, kada ka kawo hujja, ka tashi ka dawo gobe ka gaishe ta kamar kullum. Mutumin da aka ba zaɓi na gaske yakan sauko, ko da ba a ranar ba. In ta nuna alamar son ganin filin, ka ɗauke ta da ƙawayenta biyu a mota su je tare, su tsaya a wurin su ce nan ɗakina, nan naki.

Rage cin abincin nan kada a bar shi sai an gama rigimar gida. A kai ta a auna jininta da sukarinta cikin makon nan, a gaya wa likita halin da ake ciki. In ta fara kwana ba barci, ko ta daina fita gaisuwa da suna, ko ta fara manta abin da ba ta saba mantawa ba, a koma da ita da wuri. A riƙa sa jikokin su ci tare da ita a kwano ɗaya, tsohuwa takan ci don yaro ya ci.

Idan ranar ta matso, ku bar ta ta yi sallama yadda ake yi. A yi saukar Alƙur'ani a gidan, a yi wa malam addu'a, a dafa abinci a raba wa layin. Ta shiga gida-gida ta nemi gafara a nemi tata. Ita za ta ce wannan turmin a tafi da shi, wannan randar a ba wance. Kada kowa ya ce mata tarkace ne. In akwai ƴaƴan bedin da suka tsiro a gindinsa, a cire biyu ko uku a sa a leda tun yanzu a riƙa ba su ruwa. Ranar rushewa kuwa a tambaye ta ko tana son ta gani ko ba ta so, a bi abin da ta ce.

Bayan an sauka, watannin farko su ne masu wuya, kuma a nan ne ƴaƴa ke sakin jiki suna ganin an gama. Ku sa kuɗin kabu-kabunta cikin kuɗin cefane, don ta je duk suna da gaisuwar da ta saba zuwa ba sai ta roƙa ba. Ku sa mata lambobin ƙawayenta a waya, ku riƙa sa mata kati. Taron asusun, in zai yiwu, a ci gaba da yin sa a ɗakinta duk inda ta koma, ko da ku za ku biya wa matan abin hawa na wata uku na farko.

Gobe ka fara da akwatin malam. In ka ga takardar, ka rubuto mini abin da ke cikinta, ko haya ce ko saye, da ranar da aka ce za a rufe ƙidaya, sai mu duba abin da za ku rubuta wa hukumar da sunan mutanen layinku.